Gyaran tsohuwar makaranta: tsakanin ɗan kwangila, magini da mai zama a aji

Ginin da aka fara Kwalejin Katsina a cikinsa yana nan tsaye har gobe. Da ƙasa aka yi shi, tubali da azara, kuma Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe shi a 1922, bayan an kafa makarantar a 1921. A waɗannan ɗakuna Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka zauna gaban malamai. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, a 1971 kuma ta karɓi sunan da kowa ya san ta da shi, Barewa. Ginin da ta bari a Katsina ya shiga jerin kayan tarihin ƙasa a 1959, yau gidan tarihi ne. Ni a ganina sa'arsa ke nan. Da ya ci gaba da zama cikin lissafin azuzuwan da ake ba da kwangilar gyaransu duk bayan 'yan shekaru, da tuni an tuɓe masa azara an kifa masa shuɗin kwano.

Sauran tsofaffin makarantunmu ba su da irin wannan mafaka. Barewa a Zariya, Rumfa a Kano da ta faro a matsayin Midil a 1927, Alhudahuda a cikin birnin Zazzau, makarantar Larabci ta Kano da ake kira SAS wadda asalinta makarantar shari'a ce ta 1934, duk ba za a iya garƙame su a ce jama'a su zo kallo ba. Kullum safiya yara na kwarara cikinsu, kuma a wurare da dama ajin da aka auna wa yara talatin ko arba'in yanzu ninkin haka yake ɗauka. Gari ma ya cim musu. Makarantar da aka kafa a bayan gari da fili iya ganinka, yau gidaje da shaguna sun kewaye ta, hayaƙin Adaidaita Sahu na shiga ta taga. Dole a gyara su. Rigimar tana wajen me ake nufi da gyaran.

Abin da muka saba gani kowa ya san shi. A cire tsohon rufi a sa dogon kwanon alminiyom. A sauke silin ƙasa-ƙasa, a ɓamɓare tagogin katako a sa na gilas masu zamewa, a shafe bango da siminti, a yi fenti mai launin da gwamnatin lokacin ta fi so, a kafa allo da sunan wanda ya ƙaddamar. Ranar buɗewa hoto ya yi kyau. Na taɓa shiga wata makaranta da aka yi wa irin wannan aiki, ƙarshen watan Maris, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Azuzuwan da aka gyara babu kowa a ciki. Malami ya kwashe yaransa ya koma da su wani tsohon gini da kuɗin kwangila bai kai kansa ba, mai tsattsagen daɓe da ƙofa ɗaya a karye, don a can ne kawai ake iya numfashi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ba sihiri ba ne ya sa tsohon ginin ya fi sanyi, kuma ya kamata a fahimci dalilin kafin a ɗaga guduma. Bango mai kauri, na ƙasa ne ko na dutse ko jan bulo, ba ya barin zafin rana ya ratsa shi nan take. Shanye shi yake yi a hankali, sai bayan sa'o'i ya fara sakinsa ciki, lokacin an tashi daga makaranta, dare kuma ya zo ya huce shi. Bulon siminti mai rami a ciki ba shi da wannan haƙuri. Rufin da ke sama can yana ba iska mai zafi wurin taruwa nesa da kan yara, in kuma akwai ƙananan kafofi kusa da rufin sai ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Baranda ba ado ba ce, ita ke hana rana dukan bango da taga. Magina da yawa na wancan zamani kan shimfiɗa dogon gini daga gabas zuwa yamma, yadda tagogi za su kalli kudu da arewa, rana ta safe da ta la'asar su faɗa kan gajerun bangaye. Sai taga. Ta katako mai ganye biyu ko mai lufa tana buɗewa kusan gaba ɗaya, mai zamewa kuwa komai ƙoƙarinka rabin ramin kawai za ta ba ka, don ɗaya gilashin yana bayan ɗaya. Wanda ya canja tagogin aji zuwa masu zamewa ya rage wa yara rabin iskarsu, an kuma biya shi a kan haka. Kwanon da rana ta bazara ta daka yana iya wuce digiri 60, in babu tazara da abin tare zafi tsakaninsa da silin, aji ya zama tanda.

Wannan magana ta fi ƙarfin son tarihi. Zafin da ake yi yanzu ba na da ba ne. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma duk yankin Sahel ya ɗanɗana. Yaron da ke zufa yana fifita da littafinsa ba lissafi yake koyo ba. Saboda haka abin da masana gini ke kira gini mai ɗorewa, wato wanda ba ya cin wuta da ruwa da yawa kuma ba ya wahalar da muhalli, a wurinmu farkonsa shi ne ajin da za a iya zama a cikinsa ranar da babu wutar lantarki, wadda ita ce mafi yawan ranaku. Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba: bangon da ke tsaye an riga an biya kuɗinsa, an riga an ƙona makamashin yinsa. Rushe shi a sake wani yana nufin sabon siminti da rodi, ga shi sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Wanda bai damu da wannan ba ai ya damu da aljihu, tunda a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a kasuwanninmu.

To amma kada a ɗauka ina cewa a koma ginin ƙasa kamar yadda kakanni suka yi, shi ke nan. Masu wannan kira sukan manta da abu biyu. Azara daga giginya ake fasa ta, giginya kuwa shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta isa sara, ta kuma yi ƙaranci. Na biyu, soron ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A da akwai tsarin da ke riƙe da wannan: Sarkin Magina da mutanensa, aikin gayya, En'e da ke tura ma'aikata kafin ruwan farko, masu haɗa makuba da katsi da laso don ruwa ya zame. Wannan tsari ya raunana. Ginin ƙasar da ba mai duba shi damina uku ta ishe shi. Shugaban makarantar da ke neman kuɗin alli ba zai ɗauki nauyin yaɓen shekara-shekara ba, kuma zalunci ne a ɗora masa.

Hanyar tsakiya tana nan, an kuma gwada ta a maƙwabta. Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso da ya karɓi babbar kyautar fannin, Pritzker, a 2022, ya gina firamaren ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse, ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa yadda iska ke wucewa tsakanin kwanon da rufin ɗaki. Kwano na tare ruwa, ƙasa na tare zafi, kowa da aikinsa. A sakandaren Schorge da ke Koudougou, wadda aka gama a 2016, ya yi bango da marmara da aka yanka a yankin, ya kewaye azuzuwan da shingen itacen turare don inuwa, ya yi hasumiyoyin fitar da iska mai zafi. Tubalin da ake matsewa da inji, a ɗan zuba masa siminti kaɗan don ya jure ruwa, ba baƙo ba ne a Nijeriya. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinansa. A tsohuwar makaranta wannan dabara ta fi amfani wajen sababbin azuzuwan da za a ƙara, don su zauna kusa da tsofaffin ba tare da sun yi kama da baƙi ba.

Shi tsohon bangon kuwa babban abokin gabarsa siminti ne. Bangon ƙasa ko na tsohon bulo da aka ɗaure da farar ƙasa yana shan danshi daga ƙasa yana fitar da shi ta jikinsa. Ka shafe shi da siminti ka toshe masa numfashi. Danshin ya taru a ciki, kanwa ta ci gindin bango, gara ta samu hanya, daga waje kuwa fes. Wata rana sai filastar ta ɓallo faifai guda a ga bayanta ya zama gari. An yi kitso da kwarkwata. Magini na gargajiya ya san wannan ba tare da ya shiga jami'a ba, ɗan kwangilar da ake biya da yawan buhunan da ya zuba kuwa ba shi da dalilin sani.

Akwai inda tsohon abu dole ya tafi, ba tausayi. Silin da rufin asbestos da suka cika makarantun da aka gina ko aka faɗaɗa daga shekarun 1960 zuwa 1980 ba sa cutarwa sosai in suna zaune lafiya, amma in aka farfasa su ƙurarsu na shiga huhu ta haddasa cutar daji bayan shekaru. A wurinmu leburori ke ɓalle su da hannu ba ko ƙyalle a hanci, a jibge a bayan aji, yara su yi wasa da gutsattsarin. Haka tsofaffin wayoyin lantarki. Haka kuma sha'awar ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi don bene ba, saboda ɗalibai sun yi yawa. Wanda ya tuna makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, ba zai yarda a ƙara ko bulo ɗaya a sama ba sai injiniya ya tona ya ga abin da ke ƙasa.

Sola da ruwan sama su ne abin da kowa ke fara ambata, su ne kuma suka fi sauƙin bayani. Makarantar jeka-ka-dawo tana buƙatar wuta ne lokacin da rana ke sama, saboda haka fanka da kwamfuta da injin rijiyar burtsatse za su iya aiki da batir kaɗan. Ta kwana ce ke buƙatar batir mai yawa don karatun dare, batir kuwa shi ne mai tsada, shi zafi ke kashewa da wuri, shi ɓarawo ke nema. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faifan sola in ba mai gogewa. Ruwa kuma lissafinsa a fili yake: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Zariya na samun kusan milimita 1,000 a shekara, ke nan rufin da ke da tsawon mita 40 da faɗin mita 10 yana zubar da lita wajen 400,000. Ba tankin da zai riƙe wannan duka, ga shi cikin wata biyar yake sauka. Amma ko kaɗan aka tara ya wanke banɗaki ya shayar da bishiyoyi, sauran kuma a bi da shi nesa da gindin gini, wanda shi ne babban amfanin. Bishiyoyin nan ma, darbejiya da maɗaci da wasu suka dasa shekaru sittin da suka wuce, sun fi kowace na'urar sanyaya ɗaki da za a saya aiki, amma su ake fara sarewa don babbar mota ta samu wurin juyawa.

Yanzu ga inda maganar ta fi wuya: jama'a. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne. Amma wane ne mai ɗakin?

Abin da ake kira taron masu ruwa da tsaki yawanci kwamishina ne da hakimi da shugaban tsofaffin ɗalibai da wakilin iyaye, a yi jawabai, a ci abinci, a watse, zanen ginin kuwa an gama shi tun kafin a aika takardar gayyata. Ba wanda ya tambayi mai dafa abinci ta ina hayaƙi ke komowa cikin kicin, ko itace nawa take ƙonawa a mako. Ba wanda ya tambayi maigadi ta wace kusurwa 'yan jari-bola ke tsallakowa. Malamin kimiyya ya san famfon ɗakin gwaji bai taɓa kawo ruwa ba. 'Yan mata a makarantar da ake haɗe sun san banɗakin da ba sa shiga saboda ƙofarsa na kallon filin ƙwallo, wasu har gida suke zama kwanakin al'adarsu saboda shi, kuma ba za su faɗi haka a gaban hakimi ba ko za a shekara ana taro. Sai an zauna da su su kaɗai, mace ta tambaye su. Maƙwabta sun san inda ruwan makaranta ke malalowa cikin gidajensu. Duk wannan ilimi kyauta ne, ba ya cikin kowace takardar kwangila.

Sai dai kada a yaudari kai cewa in an tambayi jama'a za su zaɓi abin da masanin gini ke so. Sau da yawa akasin haka ne. Mutanen Gando da farko ba su yi murna da jin za a gina musu makaranta da ƙasa ba. A wurinsu ƙasa ginin talaka ce, siminti ne ci gaba. A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, tsohon masallacin ƙasa ya lalace ya kuma yi wa jama'a kaɗan, ana shirin maye gurbinsa. Masu zanen gine-gine biyu, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, suka kawo shawarar a gina sabon masallaci a gefe da tubalin ƙasa matsattse, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka kira maginan gargajiya suka sa hannu a gyaran, aka gama a 2018. Abin lura a nan, ba a ce wa mutane buƙatarsu ta babban masallaci kuskure ba ce. An ba su ita, sannan aka samo wa tsohon ginin aikin da zai sa a ci gaba da share shi. Tuntuɓa ta gaskiya ciniki ce, kowa ya zo da abin da ya sani, kowa ya rage wani abu. Kuma hujjar da ta fi shiga kunne ba jawabi ba ce. A gyara aji ɗaya tak, a sa mutane su zauna a ciki da azahar, su koma na kusa da shi su zauna.

Tsofaffin ɗalibai su ne ƙarfin waɗannan makarantu, su ne kuma wani lokaci matsalarsu. Ƙungiya irin BOBA ta Barewa, makarantar da ta yaye shugabannin ƙasa irin su Gowon da Murtala da Shagari, tana iya buga ƙofar da shugaban makaranta ba zai iya ko tunkara ba. Su ne ke riƙe da sunayen gidajen kwana, Ɗan Hausa, Nagwamatse, Bello Kagara, Clifford, da labarin kowane lungu. Amma yadda gudummawa ke zuwa a makarantu da yawa, kowane aji na shekara kaza ya zaɓi gini guda ya gyara yadda ya ga dama ya manna allonsa, shi ke sa ka ga makaranta ɗaya da rufi kala biyar. Kowa na son ginin da ake gani daga bakin titi. Ba ajin da ke son allonsa a jikin masai ko magudanar ruwa. Maganin wannan shi ne tsari guda na makarantar baki ɗaya, a rubuce, wanda duk mai son taimakawa zai ɗauki yanki daga cikinsa.

Gwamnati ma ta buɗe wata ƙofa. Shirin AGILE na bunƙasa ilimin 'yan mata, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Kaduna da Katsina, yana tura kuɗin gyara kai tsaye ga kwamitocin kula da makarantu na al'umma, SBMC. Wannan ci gaba ne, don kuɗin na sauka kusa da masu ganin yoyon. Amma kwamitin unguwa ba shi da masanin tsofaffin gine-gine, kuma ana auna shi ne da abin da za a iya ɗauka a hoto. Ga makarantar da aka gina shekaru ashirin da suka wuce wannan ya wadatar. Ga ginin da ya doshi shekara ɗari, kuɗi a hannun mutanen kirki marasa jagora na iya yin ɓarnar da rashin kuɗi bai yi ba. Doka ma ba ta tsaya masa ba, don hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kare abin da aka ayyana ne kawai.

Tsaro ya ƙara dagula lissafin. Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, duk uban da aka tambaya katanga zai fara cewa, mai tsawo, da ƙananan tagogi masu ƙarfe. Ba mai ganin laifinsa. Amma katangar da aka matso da ita jikin aji tana kashe iska, kuma taga mai ƙarfen da ba ya buɗuwa tarko ce ranar gobara. Katangar tana da wani amfanin a birni: ita ke hana a yanki filin makaranta a yi shaguna, rigimar da Kano ta gani da idonta a rushe-rushen 2023. Filin nan da wasu ke gani kamar asara shi ne huhun unguwar, nan samari ke ƙwallo da yamma, nan ruwan sama ke nutsewa. Unguwar da ke amfana da filin ita ke tsare shi. In aka rufe mata ƙofa gaba ɗaya, ranar da za a zo yanka shi ba mai fitowa.

Zariya ta fi kowane gari rashin uzuri a wannan fanni. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru. A cikin birni akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda aka kewaye da sabon gini aka bar bakan gizonsa da ginshiƙansa a ciki, kuma sana'ar ba ta mutu a garin ba. Ɗalibai masu neman aikin kammala digiri za su iya auna kowane gini na Barewa ko Alhudahuda su zana shi, su rubuta shekarunsa da abin da aka yi shi da shi da ciwon da ke damunsa, maginan birni na gefensu suna nuna musu abin da takarda ba ta faɗa. Kuma duk wanda zai zana gyaran, kafin a ba shi ko kwabo, a sa shi ya zo sau biyu. Ya zo a Afrilu da ma'aunin zafi, ya zauna a kowane aji daga sha biyu zuwa biyu tare da yaran. Ya dawo a Agusta ranar da ake tafka ruwa, ya zagaya da lema, maigadi na gaba yana nuna masa indararon da ganye ya toshe da inda ruwa ke kwanciya a gindin bango.